An Kama Mai Laifin Ƙafata

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Baba? Ya Auta da rigimarsa?

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kin tuna ƙarfen da aka sa min a cinya bara, da na faɗo daga gini? Wurin ne ya kumbura yana ruwa. Gwajin farko bai nuna komai ba. Ashe laifina ne: kafson kashe ƙwayoyin cuta na yi ta sha a ɓoye, shi ya sa ƙwayoyin cutar suka laɓe a jikin ƙarfen. Likita ta yi min wankin babban bargo, ta hana ni magani mako biyu don su fito fili. Makonnin nan, Inna, a bar maganarsu.

Daga nan likitoci suka ɗebi tsoka wuri biyar, suka shuka a farantin gwaji, su ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Kwana tara shiru, ran na goma abin ya tsiro. Yanzu an san sunansa, an san maganinsa.

Ki gaya wa Goggo ba sammu ba ne. Na ga mai laifin da idona, bai kai kan allura ba.

A ci gaba da yi min addu'a. Kuma takalman ƙwallona, kada ki ba Auta. Da ƙafata zan zo in karɓa.

Ɗanki mai kewarki.