Ranar da Oga Ya Ce Mini Injiniya

Laraba, Maris 2014, bayan isha'i

Gobe za mu miƙa sabon ginin ofis na Bosso, sai ga matsala. Na'urorin da ke kunna fitila idan mutum ya shiga ɗaki ba su da wayar da za a bi a gane su, kuma ba a rubuta lambar wacce ke wane ɗaki ba. Lambobi kawai kwamfuta ke nunawa.

Oga ya ce a kwance su duka a duba lambobinsu. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni awa biyu."

Na fitar da kowa. Abokin aikina Yohanna yana shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ni ina rubuta lambar da ta motsa. Kafin la'asar mun gama.

Oga ya duba takardar ya ce, "Sannu, Injiniya Hadiza." Har yanzu murmushi nake. Shekara uku "ke yarinya" yake ce mini.