Waƙar Dije a Talabijin

Tiga, Bebeji
Yuli, 1989

Zuwa ga aminina Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Larai da yara. Yaya damina a Falgore? Mu nan sai godiya, in ban da ƙafa da ke tuna mini shekaruna kullum safiya.

Tun bara ake raɗe-raɗin wai muryar da ke buɗe wasan kwaikwayon nan na talabijin ta Yaya Dije ce. Isa mai kifi ya fara kawo mini zancen, na ce mutumin da tarwaɗarsa ke ƙara tsawo duk ranar kasuwa ba shaida ba ne. Na je ƙofar gidan mai unguwa, inda ake kunna akwatin da batirin mota, na saurara. Waƙarta ce kam, wadda take yi wa amare a tsohon garinmu kafin ruwan dam ya ci shi. Amma muryar ta yi mini ƙuruciya, na ce wata ce ta ara. Kuma amshin kaɗai suka ɗauka. Baitocin da take bin gari gida-gida, daga rijiyar masallaci har tsamiyar gidanku, babu ko ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne bikin jikar Ladan. Mata suka matsa wa Yaya Dije, ta miƙe da sandarta ta ɗauko waƙar. 'Yan mata suka amsa gwanin daɗi, amma tana shiga baiti suka yi tsit, don a nan talabijin ke yankewa a fara wasa. Wata har ta ce mata ai Gwaggo ba haka waƙar take ba. Yaya Dije ta koma ta zauna. Tun ranar ko a bakin turmi ba ta ƙara rerawa ba, ga jikin ya fara ƙi.

Magaji, garin nan yana ƙarƙashin ruwa, sunayen gidajensa kuwa a bakinta kaɗai suka rage. Larai ce ta rage cikin 'yan amshinta. Don Allah ka sako ta a mota ta zo su haɗa baki, ko ma samu baitocin kafin a rasa.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Balarabe

Tiga, Bebeji
Satumba, 1989

Aminina Magaji,

Assalamu alaikum. Ina fata Larai ta iso gida lafiya, hanyar nan taku ba ta jijjige ta da yawa ba. Allah ya saka da zumunci.

Na san ta ba ka labari, amma bari in ba ka nawa. Da aka shimfiɗa musu tabarma, Yaya Dije ta fara daga rijiya, ta wuce gidan Bature maƙeri, ta zo gidan liman. Larai na amsawa, ni ina daga zaure ina bin lungun da ido a rufe. Daga nan ta kakare. Ta dubi Larai don ta ɗora mata, Larai ta dube ta. Ashe 'yar amshi ba ta riƙe baiti, jiran gaɓarta kawai take yi. Mu maza da muka saba ji daga bayan danga ina muka san wannan? Har Larai ta tafi, waƙar ba ta kai tsamiyarku ba.

Ranar Laraba Allah ya karɓi abinsa. Aka yi wa Yaya Dije sutura da la'asar.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, da magariba, sautin akwatin mai unguwa ya shigo har ɗakinta. Na tashi zan ja ƙyaure, ta hana. Ta ce wasu baƙi ne daga Kano suka zo da rikoda a bikin ƙarshe kafin a tashe mu, ta yi musu waƙar tun daga rijiya har ƙarshen gari. Sai ta ce, "Ni ce, Balarabe. Kai ma ba ka gane ni ba?"

Mutane da dama sun faɗa mini ina musu. Ta ƙarshen da ta faɗa mini ita ce Dije, da bakinta.

Ka sa ta a addu'a. A gaida Larai.

Naka har kullum,
Balarabe