Kwandon da Ya Dawo Daga Ikko

Kura,
24 ga Fabrairu, 1986.

Zuwa ga maigidana Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya Kaduna, yaya ƙugin injin masaƙa? Miji ke nan, yana saƙa wa matan duniya atamfa, tasa matar tana nan da zane mai faci.

Ka ce in rubuto maka gaskiyar abin da ake ciki game da ƙanenka Bilya, tunda babanku ba ya cewa komai sai "a yi addu'a". To ga ni da rubutuna na yaƙi da jahilci, ka yi haƙuri da karkatarsa.

Yau sati uku cif, abin da aka sani bai ƙaru ba. Ran Litinin da safe ya fita ban ruwa a gonar tumatir, azahar ta yi bai dawo ba, aka sami takalmansa a bakin babban kanal, a jere kamar a ƙofar masallaci. 'Yan sanda sun zo sun duba, sun rubuta, sun sha fura, sun ce ana bincike.

Abin da ba a sani ba kuwa shi ya cika gari. Mata sun ce 'yar ruwa ce ta aure shi. Na ce musu wannan 'yar ruwa ba ta taɓa jin minsharinsa ba, da tuni ta dawo mana da shi. Wani ya rantse ya gan shi a kasuwar Madobi yana shan rake, wani kuma a ranar ya gan shi a Kumbotso cikin kakin soja. Yaro ɗan shekara sha shida ya zama mutum uku.

Babanku ya kafe a kan ruwa ne ya ci shi. Yaron da tun yana shekara biyar yake ninƙaya a kanal ɗin nan kamar tarwaɗa!

Yanzu matso in faɗa maka sirri. Akwai tulun ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin gadona, wanda na ce wa mutanen gida ya ƙare tun bara. Bilya kaɗai ya san da shi. Ranar da ya ɓata na zura hannu na ji wayam. Kai ka taɓa ganin wanda ruwa zai ci ya yi guzuri? Takalman kuma matse shi suke yi, kullum sai ya yi mita. Ni a ganina motar tumatir ya bi, domin tun kaka yake tambayar direbobi ko da gaske ne tekun Ikko ba shi da ɗaya gaɓar. Na gaya wa babanku, ya ce ɓera ne ya cinye. Ɓeran da ya mayar da murfi!

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya ce ran Juma'a, sha huɗu ga Maris, zai yi masa sadakar arba'in. Ka san abin da ke biyo bayan wannan. Ranar da aka raba waina da sunan Bilya, direbobi za su daina tambaya a tasha, a daina cigiya a rediyo, uwarku Baraka kuma ta binne shi a zuciyarta da ransa. Ni ban yarda ba, kuma ban gaji ba.

Ma'aikatan ruwa sun ce za su rufe kanal kwana uku a yashe shi. Kowa jira yake.

Ka gaida abokan aiki, ban da 'yan mata.

Matarka ta fari,
Iya Zuliha.


Kura,
11 ga Maris, 1986.

Angona Iliyasu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya sake ka. Mu lafiya lau, sai gwiwata da take yi mini gardama kamar babanku.

An rufe ruwa ran Asabar. Da safe gari ya fito bakin kanal, fuskoki a murtuke, ba mai son ya riga wani gani. Uwarku ta ƙi fita, ta zauna a ɗakina tana jan carbi. Ni kuwa na ɗauki kujerata na dasa a kan gada. Maza suka bi tun daga ƙofar ruwa ta sama har ta ƙasa, suna tona laka da fartanya. Ka san abin da suka samo? Keken liman da ya ɓata shekara biyu, butoci sha ɗaya, da turmin wata amarya da aka daɗe ana zargin maƙwabciyarta a kansa. Na Bilya ko maɓallin riga babu.

Da aka tabbata babu, sai wani ya hango kifi yana birgima a sauran ruwa. Kai jama'a! Mutanen da suka zo ɗaukar gawa suka koma cafkar tarwaɗa da hula da babbar riga. Liman da kansa ya tattare wando ya shiga, wai keke yake dubawa. Na koma gida na ce wa Baraka ta ajiye carbi ta ɗora kasko. Ranar ce ta fara dariya tun da abin ya faru, tana yi tana share hawaye.

Amma babanku bai motsa ba. Ya ce ruwa na iya wucewa da shi har kogi, gara a yi sadakar zuciya ta huta. Ba mugunta ba ce, Iliyasu. Ni na haife shi, na sani: jiran ne ba ya iyawa. Har an auno shinkafar waina.

To jiya sai ga Sammani direba ya dawo daga Ikko, ya sauke kwandunan tumatir da aka juye, don a sake cikawa. Ka san aikina ne gyaran waɗanda suka ɓalle. Ina cikin juya su sai na ga wani da aka riga aka ɗinke gindinsa da zaren roba shuɗi, irin wanda babu a kasuwarmu. Na kai shi rana na duba.  Ɗinkin daga dama yake tafiya zuwa hagu a karkace, kowane taki uku an koma baya ɗaya, a ƙarshe an tura wutsiyar zaren ciki an ɓoye. Ɗinkina ne. Ni bahaguwa ce, ka sani, kuma a duk jikokina Bilya kaɗai ya gado ni, shi kaɗai na koya wa. Kai da na gwada koya maka yatsanka ka ɗinke.

Na tsare Sammani da tambaya. Ya ce a kasuwar can masu gyaran kwando sun fi ɗari, motoci sun fi haka, kwanduna suna cakuɗewa, bai san hannun da ya taɓa wannan ba. Babanku ya juya kwandon sau biyu ya ce bahagwai sun cika duniya, kowanne haka zai ɗinka. Na ce to mu gani.

Ka yi mana addu'a, kwana uku ya rage.

Taka har kullum,
Iya Zuliha.


Kura,
16 ga Maris, 1986.

Maigida ran gida,

Gaisuwa irin ta mai farin ciki, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, kada injin ya kama maka riga.

Ran Alhamis na aika gida gida a kira mini duk wani bahago da ke garin nan da ƙauyukan gefe. Da farko kowa ya ce shi ba bahago ba ne, ka san an daki kowa a kan haka yana yaro. Da aka ji akwai soyayyen kifi, sai ga mutum tara a gindin darbejiyar ƙofar gida, har da wanzami da wani dattijo daga Bunkure. Na ba kowa fasasshen kwando da zare da basilla. Gari ya kewaye mu ana shewa. Wanzami ya ce shi kai yake aske wa, ba kwando ba. Na ce masa ai shi ya sa duk kan da ya fito daga hannunsa yake kama da kwando.

Suka gama, aka jera tara a gefe, na Ikko a tsakiya. Na kira babanku na ce, zo kai ne alƙali. Ya tsuguna yana bi ɗaya bayan ɗaya. Duk sun karkata hagu, gaskiyarsa ce a nan. Amma babu wanda ya koma baya a taki na uku, babu wanda ya ɓoye wutsiya. Sai na ɗauko tsohon faifaina na ajiye kusa da na Ikko. Ya daɗe yana kallo. Sai ya tashi ya shige gida.

Ran Juma'a da safe ban ji motsin masu waina ba. Baraka ta leƙo ta ce ya hana a kai niƙa, wai a dafa shinkafar yara su ci. Ya kuma aika wa liman cewa bayan Juma'a addu'ar matafiyi za a yi, ba ta mamaci ba. Sammani ya tafi da hoton Bilya a manne a gilashin mota.

Kada ka ce na ce an gan shi. Ba a gan shi ba. Ban san ko yana ƙoshi ba, ban san abin da ya hana shi aiko da ko gaisuwa ba, kuma ranar da ya dawo sai na ja masa kunne har ya taɓa kafaɗa. Amma hannun nan yana motsi a wani wuri, wannan na sani.

Sai na yi tunani, in kwando ya iya kawo saƙo, zai iya kaiwa. Na ce duk kwandon da zai bar garin nan zuwa Ikko sai na yi masa ɗinkina a baki da jan zare, ko lafiyarsa ƙalau. Duk inda yaron nan yake zaune, wata rana ɗaya zai faɗo hannunsa, ya san ana nemansa kuma ba a yi fushi ba. To amma kwanduna ɗaruruwa ne, ni kuma ido ya yi nisa.

Jiya da hantsi ina tsakiyar aiki sai inuwa ta rufe ni. Babanku ne, mutumin da ya sha buge hannun Bilya a bakin akushi. Ya zauna a ƙasa kusa da ni kamar yana ɗan shekara bakwai, ya ɗauki basilla da dama, ya dube ta, ya mayar da ita hagu. Ya ce, "Iya, nuna mini." Ya soki yatsa sau huɗu, ɗinkin ya fito kamar sawun kaza. Ban gyara masa ba. Shi na sa a saman lodi.

Ka gaida kowa. In ka sami jan zare mai ƙwari a Kaduna ka aiko, namu ya kusa ƙarewa.

Matarka da ba ta da saki,
Iya Zuliha.