Ni Ce Na Wanke Ƴar Baƙa, Kaka

Zuwa ga kakana, Malam Ilu maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima, jikarka ce Hindatu, wadda kake tsokana da Amarya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma kai kaɗai nake iya yi wa magana ban sunkuyar da kai ba, kuma akwai abin da ke damuna mako uku ke nan.

Maganar bindigarka ce, Ƴar Baƙa.

Bayan arba'in ɗinka Kawu Sabi'u ya ce ajiye bindiga a gida a wannan zamani jan magana ne, tunda mai takardar izininta ya tafi. Ya ce akwai wani mutumin Kano mai tara kayan tarihi, yana da izinin hukuma, kuma yana so. Amma sai an fara sanin shekarunta da darajarta. Aka aika wa Malam Ɗanjuma, tsohon maƙerin nan na Zango, ya ce zai zo ranar Laraba.

Makullin ɗakinka dai yana nan ɗaure a bakin zanen matarka Iya, kamar yadda ka bari.

Ka tuna yadda kake zama a gindin darbejiya bayan la'asar, ka ɗora ta a cinya kana shafa mata man kaɗe? Ni ina gefe da littafina, kana cewa, “Amarya, wannan saurayin na takarda ya taɓa kawo miki ko zabuwa ɗaya?” In rufe fuska da mayafi, kai kuwa ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka. Ban taɓa tambayarka dalilin da ya sa ba ka goge baƙin jikinta ba. Na ɗauka tsufa ne ya hana ka.

Ranar Talata Iya ta tafi barka can wajen Kusugu, ta ba ni makullin in share ɗakin. Na tarar da Ƴar Baƙa a jingine, duk ta yi duhu. Sai tausayinta ya kama ni. A littattafan da nake karantawa, ba a rabuwa da abin ƙauna sai an yi masa ado. Na ce ba za ta bar gidanmu da dauɗa ba, baƙo ya ce ba mu kula da kayanka. Na ɗebo toka, na yanka lemon tsami, na ɗauko soson ƙarfe, irin yadda muke yi wa tasoshin Iya in salla ta matso. Tun hantsi nake dirza har azahar. Ƙarfen ya yi fari tas, ina ganin fuskata a ciki. Kotar ma na kankare ta. Wallahi Kaka, daɗi na ji. Har na riƙa ƙissima yadda za a tambayi wa ya yi wannan aiki, ni kuma in yi shiru ina murmushi.

Da Malam Ɗanjuma ya zo, ina bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Kawu ya warware buhun da aka naɗe ta a ciki. Tsohon ya dube ta, sannan ya yi salati.

Ya ce, “Sabi'u, wa ya yi mata wannan wankan amarya? Ai an wanke mata shekarunta.”

Ya sa tabarau, ya yi ta juya ta. Ya ce ƙarfen aikin Turawa ne, ya kai shekara ɗari ko ya ɗara, amma ba zai iya rantsuwa ba, don ɗan tambarin da ke kusa da kunama soso ya cinye rabinsa. Kotar kuwa ba tata ba ce ta asali, a nan aka sassaƙa ta, da icen ƙirya. Ya ce masu tara irin wannan kaya baƙin nan suke saye, ba ƙarfen ba, domin shi ne shaidar ba jiya aka ƙera ta ba. Yanzu ko rabin darajarta ba za ta yi ba.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faɗa daga baya. Ya shafa kotar ya ce, “Duhun da aka kankare ai ba dauɗa ba ce. Gumin hannun Ilu ne da man kaɗe, na shekara da shekaru.”

Kaka, hannunka na goge. Da toka.

Kawu ya shigo cikin gida ransa a ɓace, yana tambayar wa ya shiga ɗakin. Iya ta dubi hannuwana, duk lemon tsami ya ci bakin farcena, sai ta kawar da kai ta ce, “Ni ce. Kayan mijina ne, na wanke abina. Sai a kai ni kotu.”

Mutumin Kano da aka tura masa hoto ya ce ya fasa. Ƴar Baƙa tana nan, an miƙa maganar takardarta ga hukuma. Amma tun ranar ake cewa Iya ta fara rikicewa. Kawu ya karɓe makullin ɗakinka, wai kada ta sake ɓarna. Yanzu in ta idar da sallar walha sai ta zauna a bakin ƙofar, ta jingina da ƙyauren. Hannunta yakan tafi bakin zanenta, ya tarar ba komai, ya dawo. Jiya na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce, “Tashi ki ba ni wuri, sarkin kuka. Da ke da kakanki duk ba ku iya ɓoye laifi ba.”

Sau uku ina zuwa zaure in gaya wa Kawu. Sau uku ina gaishe shi in dawo.

Akwai abu guda da Malam Ɗanjuma ya ce soso bai iya cirewa ba. Wani ɗan kwarmi a jikin kota, inda babban yatsanka ya lotsa icen. Ya ce ko ba a faɗa masa ba, ya san mai ita bahago ne. Kafin a kulle ɗakin na sa yatsana a wurin. Ya yi mini yawa.

Kaka, na san Kawu yana karanta duk abin da na sa a shafina na intanet, har yakan ce in rage na soyayya. To a can zan sa wasiƙar nan, yau ga wanda ba na soyayya ba. Ni ce na wanke Ƴar Baƙa. Iya lafiyarta ƙalau, hankalinta ya fi na kowa a gidan nan. A yi mini faɗan da za a yi, amma a mayar mata da makullinta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kamar yadda na san da kana nan za ka yafe mini, bayan ka gama yi mini dariya. Allah Ya ƙara wa Iya lafiya da nisan kwana. Amin.

Taka har kullum,
Amaryarka mai hannun toka,
Hindatu