Na ce masa ƙanin jarumin bai mutu ba

Assalamu alaikum Malama mai kula da wannan fili, da ku masu karatu, ina fata kowa yana lafiya da iyali. Gaskiya saura kaɗan in fasa aiko wannan, don ni kaina da na auna sai kunya ta kama ni: mutum da furfura a gemu ya zo neman shawara a kan gem, wasan yara na talabijin. Ku yi dariyarku, ban hana ba, amma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. A ɓoye sunana, waɗanda zan kira ma ba nasu na gaskiya ba ne.

Ni direban babbar mota ne, daga Kura nake ɗaukar tumatir da albasa in kai Kudu. Ikko, Fatakwal, Kwatano, babu inda tayata ba ta taka ba, kuma duk inda na je sai na dawo da labari, rabi gaskiya rabi gishiri. 'Yan majalisarmu sun san da haka, suna ma so. Ina da amini tun muna yara, bari in kira shi Haladu, manomin albasa ne a filin noman rani, irin mutumin da in kana ba shi labarin teku zai katse ka ya tambayi yadda albasa take a kasuwar can. Ɗansa na fari, Nafi'u, saurayi ne, shi ya dame ni har na sayo masa na'urar gem ta gwanjo daga Ikko. Akwai wani gem mai kashi-kashi da yake so kamar ransa, labarin wani jarumi mai dogon takobi da ƙaninsa. Duk kashin da ya fito ni nake kawo faifan, ni nake fassara masa maganganunsu da Turancina na tasha. Haladu in ya leƙo ya gan mu sai ya ce, “Direba, ka lalata mini yaro, yanzu ga shi kai ma ka bi shi.”

Bara lokacin ban ruwa, Nafi'u ya sauka bakin babbar kanal mai kawo wa gonaki ruwa zai gyara tiyon inji, ƙafarsa ta zame, ruwa ya tafi da shi. Manoma suka yarda aka rufe ƙofar ruwa don a neme shi, alhali tumatir na tsaka da fure, kowa ya san abin da hakan zai yi wa gonarsa, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Aka bi laka har wajen Bunkure. Takalminsa ɗaya aka samu. Liman ya ce a yi zaman makoki a yi masa addu'a, Haladu ya ce a dakata tukuna.

Bayan kwana biyu ya aika aka kira ni, na tarar da shi a ɗakin yaron. Ya ce, “Kunna mini abin nan, ina so in ga abin da yake kallo.” Na ta da janareta na kunna. To shi gem yana ajiye inda mutum ya tsaya, sai ya ɗauko daidai inda Nafi'u ya bari, ƙarshen kashi na uku. Ni na san abin da ke gaba? Wallahi ban sani ba. Jarumin da ƙaninsa suna kan gada, gadar ta karye, ƙanin ya faɗa kogi, muna kallo hannunsa ya nutse. Haladu ya matso kusa da talabijin. Can ya ce, “Ya fito?” Na ce, “Sai a kashi na gaba za a sani.” Wannan ban lissafa ta cikin ƙarya ba.

Ƙaryar tana gaba. Da na koma Ikko, mai shagon da nake saye a wurinsa ya nuna mini wani faifai, ga hoton ƙanin nan a jiki yana dariya riƙe da fartanya. A cikinsa wani tsohon masunci ne ya tsince shi a gaɓa, ya manta sunansa, yana zaune a ƙauye yana noma da kiwon kaji, babu yaƙi babu takobi. Mai shagon ya gaya mini ɓaro-ɓaro cewa wannan reshe ne kawai aka yi don ƙananan yara, masu gem ɗin da kansu ba sa sa shi cikin asalin labarin, a can yaron ya mutu. Na ji, na gane, ba zan fake da ƙarancin Turanci ba. Na saya na sa a aljihu.

Da na dawo na kai wa Haladu, ya daɗe yana duban hoton, ya ce, “Wannan ci gaban wancan ne?” Na ce, “Shi ne mana.” Ya ce, “Ka tabbata, mutumina?” Na ce, “Ni da na je inda ake sayarwa?” Da labari ya kai ga samarin gidan gem na bakin tasha, suka zo majalisarmu suka ce ai ba a lissafa wannan, kamar mafarki ne, zane ma daban, murya daban. Ni kuwa na tsaya a gaban Haladu na yi musu tatas. Na ce ku da ba ku taɓa wuce Kwanar Dangora ba za ku gaya mini abin da aka shirya a bayan teku? Majalisa ta kwashe da dariya, samarin suka bar maganar don girmana. Ranar har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Da farko na ɗauka alheri na yi. Mutumin da ya daina cin abinci ya koma ci. Ya koyi riƙe hannun gem da yatsunsa masu kanta, yana yi wa ƙanin jarumin faɗa wai ba a yi wa shuka ban ruwa da tsakar rana. Ina tsokanarsa ina cewa Sarkin Albasa ya samu gona a Turai. To amma albasar cikin talabijin tana shan ruwa, tasa ta gaske ta bushe a fili, layin ruwansa ya zo ya wuce bai je ya buɗe ba. Sannan ya fara tafiya. Da safe zai ɗauki babur ya bi gefen kanal, yana tsayawa wurin masunta da rugage yana tambaya ko an tsinci wani saurayi da ya manta sunansa. Na ce, “Haladu, gem fa ba wahayi ba ne.” Ya ce, “Ni ban ce wahayi ba ne, Direba. Amma waɗanda suka tsara labarin sun ga duniya, sun san ana fita. Kai ma ai ka ce ya fito.” Da bakina na faɗa.

Yanzu kashi na huɗu ya fito, na asalin. Yana ƙarƙashin kujerar motata, na naɗe shi a tsumma kamar kayan sata. Mai shago ya kunna mini farkonsa: jarumin ne durƙushe gaban kabarin ƙaninsa. Ban iya kallon sauran ba. Kuma na san ba zai daɗe ba samarin nan za su samo nasu daga Kano, wani ya kai wa Haladu labari, ya ji daga bakin yara cewa amininsa ya yi masa ƙarya. Ni da nake tuƙi ina waƙa, yanzu duk gadar da zan hau sai in ji kiɗan gem ɗin a kunnena, in na tsallake kanal ba na iya duban ruwan, takalmin nan nake gani. In na gaya masa, ashe ban sake jefa masa yaron a ruwa da hannuna ba? In na yi shiru, gonar da ke ci da gidan ta tafi, shi ma yana binta.

Abin da ya sa na aiko muku shi ne wannan. Ranar Alhamis na kai tsarabar garin rogo gidan Haladu, ba ya nan, yana bakin kanal. Matarsa ta zo bayan labulen zaure muka gaisa. Nafi'u ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa ko yanzu. Na juya zan tafi sai ta ce, “Malam Direba, shi Malam ya ce kai ne ka san labarin, kai ka je can. Ni ban san gem ba. Yaron nan nake tambaya, in na idar da salla ban san me zan roƙa masa ba. Addu'ar matafiyi zan yi masa, ko ta mamaci?”

Na ce mata zan dawo. Jama'a, me zan yi?