Na Kasa Kiran Sunan Autana a Gaban 'Yan Sikawut

Assalamu alaikum Malam Nu'uman mai wannan fili. Don Allah ka taimake ni da amsa, na gaji da yin magana ana wuce ni kamar rediyon da aka manta a kunne.

Shekara da shekaru ina faɗa, a masallaci na faɗa, a taron 'yan ƙasarmu na faɗa, cewa yaran da muka haifa a garin nan na Abidjan sun fita hannunmu. Ka yi wa yaro Hausa ya mayar maka da Faransanci. Ka ce ya gaida baƙo, ya miƙa masa hannu yana tsaye ƙiƙam. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce Alhaji a yi haƙuri, zamani ne. To zamanin ne ya haifa mini su?

Ni ban yi lakol ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba aka ɗora mini tallar albasa. Maƙwabcina Rabilu mai gyaran waya ne ke rubuta maka wannan, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Mutumin Adar ne ni. Na zo garin nan ina saurayi, albasar Galmi nake saukewa a Adjamé har gemuna ya yi fari a kanta.

Maganar autana ce. Shekararsa goma sha uku, na same shi da girma, har wasu in sun gan mu tare su ce jikana ne. Ranar suna na sa aka raɗa masa sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar Abba nake ce masa, uwarsa Zuhura ma Abba, yayyensa Abba. Kai Bahaushe ne, ba sai na yi maka bayani ba. Mahaifina yana raye ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar fuskarsa ba, balle in buɗe baki in ambaci sunansa.

Bara yaron ya shiga 'yan sikawut, waɗannan masu gajeren wando da usur. Na ƙi, Zuhura ta yi ta roƙo, wai gara nan da zaman bakin tasha cikin yaran da ba su da mafaɗi, kuma wai na Musulmi ne, ana salla. Na ƙyale. Ana gab da hutun nan sai ga shi wai za su yi zango a daji kusa da Bassam, kuma duk yaron da za a ɗaura wa fular, wato ƙyallen wuyan nan nasu, sai ya zo da uba ko uwa a kwana tare. Na ce wansa Bilal ya je. Yaron ya ce shi Baba yake so. Ba ya kuka, ba ya musu, kullum in ya taso lakol sai ya zo ya tsaya bakin sitona cikin warin albasa, yana kallona har in rufe. Da abin ya ishe ni na ce to.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka hau mota a Gare de Bassam da ke Treichville, ni da babbar rigata da buta da darduma, sauran iyayen kuma da takalman gudu da hular rana kamar turawa. Muka sauka a bakin teku cikin itatuwan kwakwa, yashi ko'ina. Wai a can yara ne ke mulki. Wani ɗan ƙanƙani da bai kai kafaɗata ba ya hura mini usur wai in tafi neman itace. Ni! Na zauna a dardumata na ce in ya isa ya zo ya ɗaga ni. Rabilu yana dariya a nan, na ce ya rubuta har da dariyar.

Amma zan faɗi gaskiya. Abba shi ya kafa mana tanti, shi kaɗai, kafin in gama alwala. Na tashi na ja igiyar da ya ɗaure don in nuna masa ba haka ake yi ba, ni da na tsufa ina ɗaure buhuna a bayan manyan motoci. Na ja, na sake ja, ƙullin ko motsi. Ya dafa shinkafa da kifin gwangwani a murhun duwatsu, ya zuba mini, ya koma gefe sai da na ƙoshi. Ya rataya mini gidan sauro. Da asuba shi ya kira salla, murya tar, ban ma san ya iya ba. Ban ce masa komai ba, don mu ba a yabon yaro a gabansa.

Ranar Asabar da la'asar ya zo ya tsuguna kusa da ni, da Hausarsa mai gauraye, wai gobe zan kira shi a gaban mutane, yana so ya yi mini bayani. Lokacin ina cikin gardama da wani direba cikin iyayen a kan maganar hanyar Yamai, na ce ya tashi ya ba ni wuri, kiran nasa ne ban iya ba? Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi.

Lahadi da hantsi aka yi da'ira, aka ɗaga tuta. Ashe al'adarsu ita ce uba ya karɓi lasifika ya kira cikakken sunan ɗansa da ƙarfi, yaron ya amsa ya fito, uban ya ɗaura masa fular da hannunsa. Iyaye suna ta kira ana tafi. Aka zo kaina. Na ce Abba. Shef ɗinsu, wato shugabansu, wani saurayi mai tabarau, ya duba takarda ya yi murmushi, ya ce a'a Papa, sunan gaskiya. Ya matso mini da lasifikar har tana taɓa gemuna.

Malam Nu'uman, sunan mahaifina fa. In kwarma shi a lasifika, a bakin ruwa, kamar yaron motar gbaka yana kiran fasinjan Adjamé? Yaron yana tsaye, ya ƙame, ƙafa ɗaya ta riga ta fito daga layi. Shef ya ɗauka mantuwa ce ta tsufa, sai ya raɗa mini sunan a kunne, aka fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ture lasifikar na ce da Julanci, yaren kasuwar garin nan, ba zan faɗa ba. Kowa ya ji. Sai na ji wata mata a bayana tana cewa ƙila ba ɗansa ba ne.

Shef ne ya kira sunan, shi ya ɗaura masa. Fular ɗin da aka ba ni in ɗaura ma daga hannuna ya zare shi. Abba bai dube ni ba. Ya naɗe tantin, ya ɗauki butata da dardumata kamar kullum, muka dawo a mota ɗaya yana kallon taga. Da muka sauka a Treichville ya ce zai gaida yayarsa Zaituna da ke aure bayan kasuwa. Har yau gaisuwar ba ta ƙare ba, ga shi har an koma lakol. Daga can yake zuwa. Na ji wai yara sun laƙaba masa wani suna da Faransanci mai nufin marar suna. Maganar matar nan kuma ta riga mu isowa Adjamé, Zuhura ta daina zuwa biki da suna, abinci ma ajiyewa take ta juya. Na aika Bilal ya dawo da shi, Zaituna ta ce a bar shi ya huce. 'Yar da na haifa! Ni kuma yanzu ta bayan layi nake zuwa sito, don a bakin titi akwai wani mai shago da aka yi abin a gabansa. Ko a masallaci sahun baya nake tsayawa.

Na tambayi dattawa, suka ce na yi daidai, amma suna faɗa suna kallon ƙasa. To ni ina so a gaya mini. Girmama uba ya zama laifi? Wa ya ba yaro mai tabarau izinin sa ni abin da ban taɓa yi ba? Ka buga a jaridarka cewa Zaituna ta maido mini da ɗana. In kuma ni ne da laifi, ka faɗa ƙarara, kada ka ce mini zamani ne. Wani dai ya amsa mini, ko sau ɗaya.

Tsohon mai albasa, Adjamé

AMSA

Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ka nemi amsa ƙarara, ga ta.

Girmama mahaifi ba laifi ba ne. Ni ma ina da mai sunan mahaifiyata a gida, Ummi nake ce mata, kuma na san yadda harshe ke yin nauyi. Shef ma ya yi kuskure. Da ya ga dattijo ya tsaya, kamata ya yi ya janye lasifika ya tambaya a asirce. Wannan nasa ne.

Amma ka dubi wanda ya ɗauki nauyin abin. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ba abin da ya same shi ranar nan. Yaro mai shekara goma sha uku ne ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, ya ji ubansa ya ce ba zai kira shi ba. Kai ka san dalili, jama'ar wurin ba su sani ba. Ina ma shakkar ko shi Abba ya san girman abin a zuciyarka. A Abidjan aka haife shi, bai ga kakansa ba, kuma ban ga inda ka ce ka taɓa zaunar da shi ka ba shi labarinsa ba. Ya zo ranar Asabar don a sami mafita tun kafin a shiga jama'a, ka kore shi. Nan ne laifinka, Baba, ba a kunyar ba. Kana kukan ba a sauraronka, ga wanda ya tsuguna a gabanka ba ka saurare shi ba.

Ba zan ce Zaituna ta maido shi ba. In an tilasta zai dawo, ya riƙa ɗaukar maka buta yana kallon ƙasa, kuma ba wannan kake nema ba. Ga abin da nake ganin ya dace.

Ka fara da Hajiya Zuhura. Ita aka yi wa ƙazafi, kuma shirunka ne ya buɗe ƙofar. Ka ba ta haƙuri da bakinka.

Sannan ka je Treichville da ƙafarka, kada ka aiki kowa. Ka zauna da yaron, Zaituna ta fassara inda Hausarsa ta gaza. Ka gaya masa wane ne mutumin da yake ɗauke da sunansa, yadda yake tafiya, abin da yake nomawa, da dalilin da ya sa cikin 'ya'yanka duka shi ka ba wannan suna. Ka gaya masa ka ja igiyar nan ba ta motsa ba, kuma ka ji kiran sallarsa. Ka riga ka faɗa wa Rabilu, ka faɗa mini, yanzu duk masu karatu sun sani, saura mai abin.

Bayan haka ka sami shef shi kaɗai, ka yi masa bayani, ka nemi ya ba ka ɗan lokaci a taronsu na mako. Ka tsaya gaban yaran da iyayen da suka samu zuwa, ka faɗa da Julancin da ka yi wancan furuci da shi: wannan ɗana ne, sunan mahaifina gare shi, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su gyaɗa kai, don ba mu kaɗai ke sakaya sunan iyaye ba. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar matar nan da laƙabin da aka yi wa yaron.

Game da furta sunan, ka tambayi limaminku. Iyakar sanina sakayawa al'ada ce mai kyau, ba haramci ba ne a ambata in da buƙata. Kai da kanka ka sa aka sanar da shi a gaban jama'a ranar suna, don kada ya ɓace. In harshenka ya iya, ka kira shi sau ɗaya, ba da lasifika ba, a hankali yadda ake ambaton wanda ake girmamawa. In ya kasa, kada ka tilasta. Ka ce mai sunan Babana ya fito, ka kwance fular ɗin ka sake ɗaura masa da hannunka. Ɗaurin nan yake jira tun a Bassam.

Kada ka bari a daɗe, Baba. Yaro a wannan shekaru yana saurin sabawa da rashin uba a kusa. Ka bi bakin titi gobe, ka hau mota zuwa Treichville.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya raya mai sunansa, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya sa ku dawo Adjamé a kujera ɗaya.

Nu'uman