Amyar Baba Ta Faɗo

Ƙofar Marusa, Katsina
Alhamis, 27 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Yaya Abbas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, yaya Anti Madina da yara? Allah ya sa kuna lafiya, amin.

Jikin Baba da sauƙi, sai dai ɓarin hagu har yau bai motsa ba, maganarsa ma sai an kasa kunne.

Abin da ya sa na rubuto, iskar hadarin shekaranjiya ta kakkaɓo babbar amyarsa daga kan tsamiyar bayan gida. Ta faɗo bakin hanya, gefe ya tsage. Ƙudan zuman sun fusata, sun kashe akuyar maƙwabcinmu Malam Daniel, sun harbi matarsa Rifkatu har idonta ya rufe. Mai unguwa ya ce in Asabar ta wuce ba a gyara ba, za a zuba kananzir a ƙone. Da na gaya wa Baba, sai hawaye.

Yaya, ka san ni da tsoron ƙudan zuma. Ko ɗaya ta shigo aji ina koyarwa, sai alli ya faɗi daga hannuna. Na nemi Sada mai ɗibar zuma, an ce ya tafi Jibiya. Saura ni. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Hussaini

Lahadi, 30 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Yaya Abbas,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka yi.

Baba ne ya zaɓi hantsin jiya, lokacin da kowa ya tattaru gaban rediyo yana jin soja na miƙa mulki, hanya ba kowa. Ya sa na yi wanka ba sabulu ba turare, na sa fararen kaya, na lulluɓa gidan sauro bisa malfa, na hura busasshen kashin shanu a kasko. Sai ya kafe lallai a kai shi wurin. Inna ta roƙe shi, ya ƙi. Ni da Malam Daniel muka ɗauke shi a kujera muka ajiye kamar taku goma daga amyar, na yafa masa mayafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. In suka taso, ni zan iya gudu, shi fa?

Na zagaya ta bayan amyar kamar yadda ya ce, na kaɗa hayaƙi kaɗan, na jira. Kukansu ya sauka. Na sa hannu biyu na ɗaga a hankali. Tana da nauyi, zuma na tsiyaya ta tsagar har gwiwar hannuna, ƙudan suka rufe mini yatsu.

Ina tsakiyar tafiya zuwa gwafannin da na kafa don in ɗora ta, sai ɗaya ta shigo cikin gidan sauron. Ta sauka a kumatuna, ta hau fatar idona. Hannuwana duka a ɗaure da amya. Wallahi Yaya, saura kaɗan in jefar. Sai na ji muryar Baba, a hankali: "Kak ka hura mata iska. Rufe ido, taka guda guda." Na rufe ido na taka. Yana ƙirga mini har bakwai, na ji amyar ta zauna. Na liƙe tsagar da laka, na rufa zana. Harbi biyu na samu, na kankare da farce.

Da muka mayar da Baba ɗaki na cire masa mayafin, sai na ga wuyansa da kunnensa sun kumbura. Harbi shida na ƙirga. Mayafin ya zame tun farko, hannunsa ɗaya mai motsi kuma bai kai ya gyara ba. Na ce, Baba, don me ba ka kira ni ba? Ya ce, "Da ka waiwayo."

Malamin asibiti ya duba shi, kumburin na sauka.

Inna na gaishe ku. Baba ya ce in ka samu hutu ka zo.

Naka ƙani,
Hussaini